SHARHI: Dalilin da ya sa garin Reefton ya koma ga kogin da ya fara haska shi a 1888

A ranar 4 ga Agustan 1888, Reefton, wani ƙaramin garin masu haƙar zinare a yammacin Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Zilan, ya zama gari na farko a kudancin duniya da ya samu wutar lantarki ta gama-gari. Shekara fiye da 130 bayan haka, mazauna garin, waɗanda ba su wuce dubu ɗaya da wani abu ba, sun duƙufa wajen farfaɗo da tashar da ta kawo musu wannan haske.

Asalin lamarin shi ne, a 1886 wani injiniya mai suna Walter Prince ya haska wani otal na garin da ƙaramin janareta. Ganin haka sai attajiran garin, waɗanda zinare ya cika wa aljihu, suka kafa kamfani. Aka janyo ruwa daga kogin Inangahua ta magudana mai tsawon kusan kilomita biyu, ruwan yana juya injin da ke ba da kilowat 20, daidai ƙarfin kunna fitilu kusan 500.

Tashar ta sha gyare-gyare da ƙarin injuna har tsawon shekara sittin. A 1949 aka haɗa Reefton da babban layin wutar ƙasa, aka rufe ta, daga baya aka rushe ginin, daji ya cinye magudanar. A wancan lokaci hukuncin ya yi daidai da hankali, domin wutar manyan madatsun ruwa ta fi araha, ta kuma fi tabbas.

Abin lura a aikin farfaɗowar shi ne tsarinsa. Wata gidauniyar mutanen garin ce ke jagorantarsa, gwamnati kuma ta tallafa da kuɗi daga asusun raya yankunan karkara. An tsara sake gina tsohon ɗakin injin domin masu yawon buɗe ido, tare da girka sabon inji na zamani da zai samar da wutar sayarwa. Kuɗin wutar ne zai riƙe wurin. Wannan shi ne jigon maganar: kayan tarihin da ke jiran kasafin gwamnati kowace shekara kan lalace, wanda ke ciyar da kansa kuwa ya fi daɗewa.

Akwai kuma iyaka. Ƙaramar tasha ba za ta maye gurbin babban layi ba, kuma ƙarfinta na hawa da sauka ne gwargwadon ruwan kogi.

Labarin ba baƙo ba ne ga Arewacin Najeriya. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya samar da wuta daga ruwan Kurra a Filato domin masu haƙar kuza, kamar yadda zinare ya jawo wa Reefton tata tashar. A Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, alhali Dokar Lantarki ta 2023 ta riga ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu.

Tambayar da ta kamaci gwamnonin da ke da madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa ita ce wadda mutanen Reefton suka fara amsawa kafin su sayi inji: wa zai mallaki tashar, wa zai sayi wutar, kuma daga ina kuɗin gyara zai fito?