Ƙauyukan Makedoniya a Toronto: An riƙe rawa, harshe na suɓucewa

A shekarar 1907 wasu baƙin leburori a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka kafa ƙungiyoyin taimakon juna guda biyu. Ba su sa musu sunan wata ƙasa ba. Ɗaya ta ɗauki sunan ƙauyen Zhelevo, ɗayar kuma na Oshchima, ƙauyuka biyu na cikin duwatsun yankin Makedoniya, wanda a lokacin ke hannun Daular Turkawa.

Ci-rani ne ya kai su can, abin da suke kira "pechalba" da harshensu. Magidanci zai bar iyali ya je ya yi shekara biyu ko uku yana aiki a mayanka ko masana'antar narka ƙarfe, ya tara kuɗi ya koma gida. Ƙungiyar ƙauye ce ke samo wa sabon zuwa wurin kwana da aiki, ta kula da shi idan ya kwanta ciwo, ta binne shi idan ta Allah ta kasance.

Komawar ce ta gagara. Yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 sun raba yankin tsakanin Girka da Sabiya da Bulgeriya, ƙauyukan nan biyu suka faɗa ɓangaren Girka. A shekarun 1920 aka sauya musu suna: Zhelevo ya zama Antartiko, Oshchima ya zama Trigono. Yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949 ya ƙarasa watsa jama'ar, har aka kwashe dubban yara daga yankin zuwa ƙasashen Gabashin Turai. Yau jikokin waɗannan ƙauyuka da ke Kanada sun ninka waɗanda suka rage a gida nesa ba kusa ba. Kusan a ce ƙauyen ne ya yi ƙaura ya bar gidajensa.

Abin dubawa shi ne me ya rage wa irin waɗannan ƙungiyoyi. Gwamnatin Kanada ta ɗauke musu nauyin asibiti da fansho, jikokin ma'aikatan mayanka kuwa sun zama lauyoyi da likitoci. Saura taron shekara-shekara na lokacin bazara: a ci "zelnik", a sa tufafin gargajiya, a kama hannu a yi rawar "oro". Ba mu raina wannan ba, domin shi ke haɗa dangin da ba su ga juna ba duk shekara. Amma a ganinmu an riƙe mai sauƙin riƙewa ne, an bar mai wuyar yana tafiya.

Mai wuyar shi ne harshe. Karin harshen yankunan Kostur da Lerin, wato Kastoriya da Florina a taswirar Girka, ya bambanta da daidaitaccen harshen Makedoniya da aka tsara a 1945 bisa karin garuruwa irin su Prilep da Veles. Ke nan ko yaro ya dage da zuwa ajin koyon harshe na coci, ba bakin kakarsa zai koyo ba. A Girka kuwa an daɗe ana danne karin, har an yi zamanin da ake cin tarar mai magana da shi, a mulkin Janar Metaksas na ƙarshen shekarun 1930. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi da shi a baki tsofaffi ne a Toronto da Melbon da Perth. Duk jana'izar ɗayansu tana tafiya da sunayen gonaki da maɓuɓɓugan ruwa da laƙabin gidaje waɗanda babu su a kowace taswira.

Wanda ke son ganin inda biki kaɗai ke kai al'umma, ya tsallaka iyaka ya duba Galichnik a Makedoniya ta Arewa. Shi ma ci-rani ne ya kwashe mutanensa. Kowane watan Yuli ana cika shi don shahararren bikin aurensa na gargajiya, da dawakai da ganguna da masu ɗaukar hoto. Da hunturu ya shigo, da ƙyar za ka iske mutum a garin.

Sai kuma rigimar suna. 'Yan ƙauye ɗaya, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya, sun rabu a Toronto: wani na zuwa cocin Girkawa, wani na Bulgeriyawa, wani na Makedoniyawa, kowa na ganin ɗan'uwansa ya sayar da asali. Yarjejeniyar Prespa ta 2018, wadda ta sa ƙasar ta koma Makedoniya ta Arewa a 2019, ba ta kwantar da ƙurar a ƙasashen waje ba. Ba za mu ce wa mutanen da aka hukunta iyayensu saboda harshe su ɗauki batun suna da wasa ba. Sai dai naɗar muryar tsohuwa 'yar shekara 90 ba ya jiran a fara warware ko ita wace ce. Ta faɗi abin da take kiran kanta, a rubuta haka nan, a ci gaba da tambayarta yadda ake ɗaura aure a garinsu.

An taɓa yin irin wannan aiki. Marubuciya Lillian Petroff ta yi hira da tsofaffin baƙin Toronto, ta fitar da littafi a kan tarihinsu a 1995. Wannan zubin na farko ya riga ya shuɗe, yanzu kan yaran da yaƙin basasa ya kora aka zo, kuma mafi ƙanƙantarsu ya doshi shekara 80.

Aikin bai fi ƙarfin kowace ƙungiya ba. Wayar da ake ɗaukar bidiyon rawa da ita ta isa. A ware wani kaso na kuɗin liyafar bana, a tura matasa gida-gida da gidan kula da tsofaffi na al'ummar da ke Toronto, su zauna su yi tambaya da sauraro. A kuma zaƙulo tsofaffin littattafan rajista da na tarurrukan ƙungiyoyin daga akwatunan iyalai, a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a miƙa kwafi ga ma'ajiyar tarihi ta lardin Ontariyo da sunan ƙauyen biyu a jiki, tsohon da sabon.