Faɗin Fuska Ko Ƙarfin Batir? Shawara Ga Mai Sauya Kwamfuta A Maiduguri

A makon jiya na sami takarda daga wani malamin makarantar sakandare da ke zaune a unguwar Bulumkutu a nan Maiduguri, wanda ya ce kwamfutarsa ta kan tebur, wadda ya shekara tara yana buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai da ita, ta tsufa, kuma ya ɗauki adashi yana so ya maye gurbinta da ta tafi-da-gidanka, watau laftof. Ya ce ya leƙa kasuwa ya ga wata ƙatuwa mai faɗin fuska inci 17, ta kuwa shiga ransa, domin a ganinsa ita ce za ta cike masa gurbin tsohuwar ba tare da idonsa ya wahala ba. Tambayarsa ita ce: ya saya ko ya dakata?

To, Malam, amsata a taƙaice ita ce ka dakata tukuna. Ga dalilaina, kuma ina fata sauran masu irin wannan niyya za su amfana, domin kuɗin kwamfuta a yau ba abin wasa ba ne, balle tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo.

Kafin mutum ya tambayi wace kwamfuta zai saya, kamata ya yi ya tambayi kansa abin da ya sa zai rabu da ta kan tebur. A Ingila ko Amurka amsar ba ta wuce son sauƙin tafiya ba. Mu kuwa a Maiduguri amsarmu daban ce, kuma mun koye ta da wahala. Kowa ya tuna watan Janairu na 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun babban layin wutar lantarki da ke tahowa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, jama'a suka yi murna, ba a yi mako guda ba aka sake rusa su, har kusan shekarar ta ƙare garin yana cikin duhu. Wannan ne ya jawo kafa tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. A wancan zamani na duhu, mai kwamfutar tebur ba ya da aiki sai janareta na ruri, mai tafi-da-gidanka kuwa ya kan kai ta shagon caji kamar waya, ya dawo ya yi aikinsa na sa'o'i.

Darasi na biyu ruwa ne ya koya mana. A daren 9 ga Satumba na 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, har fadar Mai Martaba Shehun Borno, abin da ba a ga irinsa ba tun 1994. Ni kaina a wannan dare na bar kwamfutata ta tebur a ƙarƙashin teburin da take, domin wanda ke ɗauke da yaro a kafaɗa ba ya da hannun ɗaukar akwatin ƙarfe. Da ruwa ya janye na tarar da ita cike da taɓo, rubuce-rubucen shekaru da hotunan iyali duk sun tafi. Wani abokin aikina kuwa jakarsa kawai ya rataya, kashegari a inda ya sami mafaka ya buɗe kwamfutarsa ya aika da labari.

Ashe ke nan abin da ke sa mutumin Maiduguri ya koma ga tafi-da-gidanka abu biyu ne: ta yi aiki in babu wuta, ta kuma ɗauku in tafiya ta kama. Duk kwamfutar da ta kasa waɗannan biyu, ko da fuskarta ta kai ta talabijin, ba ta biya bukatar da aka saye ta dominta ba. A nan ne kuwa mai inci 17 take da rauni. Fuska tana cikin sassan da suka fi shan batir, kuma galibin irin waɗannan manya an ƙera su ne don a girke su a tebur kusa da soket. Nauyinsu ya kan kusa kilo 3, ban da caja, ga shi ba kowace jaka suke shiga ba. Wanda ya saye ta, ya sayi kwamfutar tebur ce mai murfi.

A duba lissafin wuta ma. Kwamfutar tebur tare da allonta ta kan ci wat 100 zuwa 200. Tafi-da-gidanka mai inci 14 ko 15.6 cajarta yawanci wat 45 ce ko 65, kuma a aikin rubutu ba ta cinye ko wannan. Manyan nan da aka yi don wasanni da haɗa finafinai kuwa akwai masu cajar wat 150 har fiye. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na 2023, mutane da yawa sun koma ga sola, kuma duk mai ƙaramin faifan sola da batir guda ya san bambancin wat 45 da wat 150 shi ne bambancin fanka ta kwana tana juyawa ko ta tsaya da tsakar dare.

Yanzu sai mu zo ga maganar faɗin fuskar kanta, domin a nan ne ido ke yaudarar mai saye. Ba a auna fuskar kwamfuta daga hagu zuwa dama, ana aunawa ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Allunan dā sun kusa zama murabba'i, faɗi 4 tsawo 3. Daga wajen 2008 masana'antu suka raja'a ga faɗi 16 tsawo 9, wanda shi ne awon talabijin na zamani, saboda yankan gilashi iri ɗaya ya fi musu araha. Sakamakon haka, tsohon allo mai inci 15 tsawonsa daga sama zuwa ƙasa inci 9 ne, amma sabon mai inci 15.6, duk da lambarsa ta fi girma, tsawonsa bai kai inci 8 ba. An ƙara maka a gefe, an rage maka a sama. Ga mai kallon fim wannan daidai ne. Ga malami ko ɗan jarida ko akawu kuwa, wanda aikinsa takarda ce mai tsawo, abin da aka rage shi ne abin da ya fi bukata. Shi ya sa a 'yan shekarun nan kamfanoni suka soma dawo da awon 16 da 10, wanda ya ɗan fi tsawo, kuma in ka samu irinsa a kuɗin da ka iya, shi ya fi dacewa da mai rubutu.

Sa'an nan girman gilashi ba shi ne yawan abin da za ka gani ba. Hoton da ke fuskar kwamfuta ɗige-ɗige ne ƙanana, kuma yawansu ne ke nuna yawan layukan da za su bayyana. Akwai masu ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsawo, akwai masu 1920 da 1080, na biyun ya kusa ninka na farkon. Fuska mai inci 14 da ke da 1920 da 1080 ta fi mai inci 15.6 da ke da 1366 da 768 ɗaukar rubutu, har ka iya jera takarda biyu gefe da gefe, wanda shi ne babban amfanin faɗin tun asali. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Haka kuma a guji fuska mai sheƙi kamar madubi, domin a hasken ranarmu fuskarka za ka riƙa gani maimakon aikinka. A karkata ta gefe a duba, in launi ya dushe ko ya yi baƙi, to, gilashin mai arha ne. Wanda ake kira IPS ba ya yin haka.

Tun da yawancinmu ta hannu muke saye, watau Tokumbo, ko a Kasuwar Jagwal ta nan gida, ko a Farm Centre ta Kano, ko a aiko daga Ikeja ta Legas, akwai abubuwan da bai kamata a biya kuɗi ba sai an gan su da ido. Na farko shekarun ƙwaƙwalwarta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba na 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8, wadda ta fito a 2017, ko abin da ya biyo baya. Kada tambarin Core i7 ya ruɗe ka, lambar da ke bin sa ita ce magana. Wadda aka rubuta i7-6600U zubi na 6 ce, wadda aka rubuta i5-8250U zubi na 8 ce, kuma ta biyun ta fi ta farkon amfani a yau. Na biyu, ma'ajiyar aiki da ake kira RAM kada ta gaza gigabait 8. Na uku, ma'adanar bayanai ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba, domin ta fi sauri nesa ba kusa ba, ba ta kuma tsoron girgizar Keke Napep.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci a wurinmu, batir. Kada ka yarda da a ce maka yana kai sa'a huɗu. Windows tana da umarni, powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da ƙarfinsa na yau. In ya zube ƙasa da kashi 70 cikin 100, a rage maka kuɗin sabo a ciniki. In ba ka iya wannan ba, tafi da wanda ya iya, ko ka cire caja ka zauna a shagon rabin sa'a tana aiki, ka ga abin da ya ragu. Ɗan kasuwa nagari ba zai hana ka ba. Wanda ya hana kuwa, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Na biyar, allon rubutu. Muna maƙwabtaka da Chadi da Kamaru da Nijar, don haka ba abin mamaki ba ne ka ci karo da kwamfuta mai jerin haruffan Faransanci, wadda layinta na sama ya fara da A da Z maimakon Q da W. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya zai sha wuya da ɗayan. A danna kowane harafi a gani. Masu rubutun Hausa kuma su sani Windows tana da tsarin da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, sai dai a kunna shi. Daga ƙarshe a tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri tun daga tushe ba, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta, domin kayan sata ba ya da tambari a goshi.

Akwai kuma abin da tafi-da-gidanka ta gaza ta tebur, gaskiya ce dole a faɗe ta. Ta tebur tana da sararin shan iska, kuma in wani sashe ya lalace a cire shi a sa wani. Ita kuwa wannan komai a matse yake. A watan Afrilu da Mayu zafin Maiduguri ya kan haura digiri 40, alhali masu ƙera irin waɗannan na'urori da dama digiri 35 suke sawa iyaka, zafi kuwa shi ne babban maƙiyin batir. In hunturu ya zo ƙura ta toshe fankar ciki. Saboda haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta kaɗan iska ta ratsa, a kai ta a bushe mata ƙura ko sau ɗaya a shekara. Don wannan dalili ne ma na fi karkata ga waɗanda aka ƙera don ofisoshi, irin su ThinkPad ta Lenovo da Latitude ta Dell da EliteBook ta HP, domin jikinsu ya fi ƙwari, masu gyara sun san su, batirinsu da fuskarsu kuma ba su da wuyar samu. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.

To, Malam, ga shawarata. Nemi mai inci 14, ko 15.6 in aikin lissafin maki ya sa kana bukatar maɓallan lambobi na gefe, mai ɗigo 1920 da 1080, mai lafiyayyen batir. Kada kuma ka sayar da allon tsohuwar kwamfutarka da allon rubutunta da linzaminta. Ranar da akwai wuta ka jona su da sabuwar, ka sami babbar fuskar da idonka ke so, wuyanka ma ya huta da sunkuyo. Ranar da babu, ka zare waya ka ci gaba da aiki. Abin da ya rage daga kuɗin adashin kuwa, ka sayi ƙaramar ma'adana ta waje ka kwafe takardunka a ciki, ka kuma ajiye kwafi a intanet. Wannan shi ne abin da ban yi ba kafin Satumba na 2024, kuma har yau ina cizon yatsa, da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Allah ya kiyaye mu da maimaicin duhun 2021 da ruwan 2024, ya sa albarka a abin da za a saya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.