Ƙahon da ke ƙarƙashin ruwa

Ranar Lahadin da ta wuce zafi ya kore mu daga gida. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ba ya buƙatar bayani: awo ya haura 40, fanka na huro iska kamar daga bakin murhu, yara sun ƙi zama sun ƙi barci. Na kwashi jikokina uku muka nufi wani otal mai wurin ninƙaya, abin da mutanen garin nan ke kira pisin.

Ina zaune a inuwa kusa da ɓangaren ƙananan yara, inda ruwan bai wuce gwiwar babba ba, sai na ga ƙaramarsu ta tsaya wuri guda tana ta ƙyalƙyala dariya. Ta ce, "Kaka, zo ka gani, yana tsotsar ƙafata!" Na leƙa. Tana tsaye ne a kan wani murfin roba mai faɗin faranti, ya tsage a gefe, ƙusa ɗaya ta fita. Na ce, "Amarya, fito maza." Na kira saurayin da ke kula da wurin na ce, "Samari, ina makashin injin nan?" Ya ce, "Baba, yana ɗakin inji, makullin kuma na hannun manaja." Manaja fa? Wai ya tafi kasuwar Pitoa.

Ruwan pisin a ido kamar a kwance yake, amma tafiya yake yi ba tsayawa. Inji ne ke zuƙo shi ta wata rariya da ke ƙasa, ya bi ta tukunyar yashi a tace shi, ya dawo ta gefe. Muddin ruwa na wucewa, ba a jin komai sai ɗan ja. Amma idan cikin yaro ko bayansa ko mazaunansa ya rufe bakin rariyar ruf, injin ba ya sanin mutum ne, ci gaba yake da zuƙa. Duk wanda wanzami ya taɓa kafa wa ƙaho ya san yadda abin yake: an zuƙe iska, an toshe tsinin, fata ta kama gam. To wannan ƙaho ne mai faɗin faranti, kuma inji ke zuƙarsa ba bakin wanzami ba. Ƙarfin riƙon na iya wuce kilo 150, wato buhun siminti uku a kan yaron da bai kai rabin buhu ba.

A Amurka sai da abin ya taɓa gidan manya kafin a farga. A watan Yunin 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen ƙasar James Baker, ta maƙale a rariyar wani ƙaramin kwamin wanka. Ta iya ruwa sosai. Uwarta ta ja, ta kasa. Sai da maza biyu suka haɗu suka fizge ta har murfin ya karye, amma rai ya riga ya yi halinsa. A 2007 wata 'yar shekara 6 a jihar Minnesota ta zauna a kan rariya marar murfi a ɓangaren yara, injin ya zuƙe mata hanji, ta rasu bayan watanni. A Disambar 2007 Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan yarinya ta farko, wadda ta wajabta wa wuraren ninƙaya na jama'a murfi na musamman da jiki ba zai iya toshe shi ba, da ƙarin kariya inda rariya ɗaya ce kawai.

Na san abin da mai karatu zai ce: Malam, ga kogin Binuwai a bakin ƙofa, ga tafkin Lagdo, ga ramukan da damina ke cikawa a bayan gari, kai kuma kana maganar ruwan masu kuɗi. Gaskiya ne, kogi ya fi cin yara nesa ba kusa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021. Sai dai kogi kowa na tsoronsa. Uwa a Yelwa ko Poumpoumré tana gargaɗin ɗanta kan kogi tun yana rarrafe. Pisin kuwa an biya kuɗin shiga, ruwan garai-garai har ana ganin ƙasa, sai iyaye su saki jiki su duƙufa a waya. Tun shirin gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Roumdé Adjia a farkon 2022 (kada a tuna mini yadda Tunisiya ta yi waje da Najeriya a nan) aka gina otal-otal aka gyara wasu, zuwa wanka kuma ya shiga cikin shagalin Sallah da hutun makaranta har ga masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai kuma abin da ya fi shafarmu. 'Ya'yanmu mata ba sa shiga ruwa da guntun kaya irin na Turawa. Da doguwar riga suke shiga, wasu har da hijabi, ga kitso mai jela, ga sarƙa ko laya a wuya. Waɗannan duka rariya na iya zuƙewa su nannaɗe a bayan murfi, kuma gashi in ya sarƙe a nan ko an kashe inji sai an yanke. Ranarmu ma ba ta raga wa roba: murfin da ya sha rana da sinadarin kulorin shekara da shekaru yakan bushe ya tsage. Ga ɗauke wuta: yaro na zaune a kan rariya lokacin da inji ke kashe, a dawo da wuta, ko a tada janareta ba tare da an leƙa ruwan ba.

Gyaran bai kai kuɗin fentin gaban otal ba. A sa murfi mai tudu kamar kifaffiyar ƙwarya, a ɗaure shi da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Mai sabon gini ya yi rariya biyu da tazarar kusan mita ɗaya, in an toshe ɗaya injin ya sha ta ɗayar. A fito da makashin inji fili, a shafa masa jan fenti, kowa ya gan shi. Ma'aikatar yawon buɗe ido da ke raba wa otal taurari, jami'anta su riƙa leƙa ƙasan ruwa kamar yadda suke leƙa ɗakuna. In kuma, Allah ya kiyaye, yaro ya maƙale, a fara kashe inji, kada a tsaya ja da ƙarfi; a cusa yatsu tsakanin jikinsa da murfin, a mirgina shi gefe. Wanzami ma ba ya fizge ƙaho, buɗe tsinin yake yi.

Da za mu tafi na sake samun saurayin nan, na roƙe shi ya hana yara ɓangaren har a canza murfin. Ya ce in sha Allahu zai gaya wa manaja. Ya jawo kujerar roba ya kifa a kan rariyar. Jikata kuwa ba ta yi mini magana ba har muka isa gida, wai na raba ta da abin wasanta.