TALABIJIN NA DIJITAL DA HAKKIN NA NESA DA TURKE

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1959 da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan, da kuma 1962 da aka buɗe na Kaduna, hanyar da hoto yake bi ya isa gidajen jama'a a ƙasar nan guda ce. A kan kafa dogon turken ƙarfe a babban gari, a ɗora masa na'urar watsa shirye-shirye, sa'an nan duk wanda ke kewaye ya ɗaura eriya a kan gora ya kama. Wannan tsohon tsari shi ake kira analog, kuma shi ne ake ta haramar maye gurbinsa da sabon tsari na dijital. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin nuna cewa sabon tsarin, duk da ɗimbin alherinsa, yana iya zama sanadin yanke mutanen karkara daga tashar jiharsu, muddin ba a yi hattara ba. Ma'aunin da ya dace a auna wannan aiki da shi, shi ne ko hoto ya isa ga mutumin da ya fi kowa nisa da turke.

Asalin Maganar

A watan Yuni na 2006 ƙasashen Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suka taru a birnin Janiba, a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, suka yi yarjejeniyar ƙaura zuwa dijital, suka kuma tsai da 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adi. Nijeriya ta ɗibar wa kanta 2012, wa'adin ya wuce; aka koma 2015, ya wuce; aka koma 2017, shi ma ya wuce ba a gama ba. Sai dai an fara. A ƙarshen Afrilu na 2016 aka ƙaddamar da gwaji a Jos, garin da ya riga kowa a ƙasar nan watsa hoto mai launi tun 1975. Daga nan aka yi Abuja a Disamba na 2016, Ilori da Kaduna a Disamba na 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018, sai Ikko da Kano a 2021. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, watau NBC, ita aka ɗora wa jan ragamar aikin, aka kuma raɗa wa tashoshin kyauta da ake kamawa ta 'yar na'urar nan dikoda suna FreeTV.

Babu mai musun amfanin wannan ƙaura. Zangon da a dā yake ɗaukar tasha ɗaya tak, yanzu yana iya ɗaukar fiye da goma a lokaci guda. Hoto yana fita tangaran, murya tana fita rangaɗau. Bugu da ƙari, zangunan da aka rage ana miƙa su ga kamfanonin wayar hannu, gwamnati ta sami kuɗin shiga. Amma masu iya magana sun ce, kowane allazi da nasa amanu.

Inda Gizo Ke Saƙa

Saƙon talabijin ba kamar na rediyo mai gajeren zango ba ne, wanda yake tsallaka ƙasashe da tekuna. Shi a miƙe yake tafiya kamar haske, saboda haka dutse yana tare shi, dogon gini yana tare shi, kai har lanƙwasar doron ƙasa ma tana yi masa iyaka. A bisa lissafi, turke mai tsawon mita 150 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya hangen abin da ya wuce kimanin kilomita 50. In mai kallo ya ɗaga eriyarsa mita 10 sama, sai ya ƙara wa kansa wajen kilomita 13. Daga nan kuma sai ƙarfin saƙo ya yi ta raguwa.

A nan ne tsarin biyu suka sha bamban. A tsohon tsari, gwargwadon nisan mutum da turke, gwargwadon dusashewar hotonsa. Na kusa yana gani garau, na nesa yana gani dishi-dishi, amma dai yana gani, kuma galibi yana jin magana ko da hoton ya lalace. Da haka dubban gidaje a ƙauyuka suka san Samanja Mazan Fama daga Kaduna, suka san Karkuzu daga Jos, suka ji sanarwar ganin wata da ta rigakafi. Shi kuwa dijital ba shi da tsaka-tsaki. In ƙarfin saƙo ya kai wani mizani, hoto ya fito cif. In ya gaza ko da kaɗan ne, sai hoton ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin. Masana suna kamanta abin da faɗowa daga bakin gaɓa. Ke nan mutumin da ya shekara talatin yana maneji da hoto dishi-dishi, ranar da aka kashe tsohon turke yana iya wayar gari ba shi da komai, ko da kuwa ya sayi dikoda da guminsa.

A dubi taswirar jihohin da aka ƙaddamar. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma daga birni zuwa duwatsun Riruwai a Doguwa an haura kilomita 100 nesa ba kusa ba. Kaduna tana da 23, daga Birnin Gwari a yamma har zuwa tuddan Kagoro a kudu. Jos kuwa tana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, abin da ke taimaka wa saƙo ya yi nisa, amma duwatsun da suka kewaye ta suna jefa garuruwa da yawa cikin inuwar da saƙo ba ya shiga. Babu yadda za a yi turke guda a babban birni ya wadatar da irin waɗannan jihohi. Don haka in aka ce an ƙaddamar da dijital a jiha kaza, tambayar da ta kamata a yi ita ce, a wace kusurwa ta jihar?

Abin da Wasu Suka Gani

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tanzaniya ta kashe analog a Dar es Salaam a daren ƙarshe na shekarar 2012, alhali gidaje masu yawa ba su mallaki dikoda ba, sai aka wayi gari akwatunansu sun zama kayan ado, gidajen talabijin kuma suka shiga kukan asarar masu kallo. Ingila kuwa ta bi abin sannu a hankali, yanki bayan yanki, daga 2007 zuwa 2012. Ban da manyan turaku, ta sauya ƙananan turaku masu karɓa su sake watsawa, waɗanda suka haura dubu, domin mazauna kwari da bayan tsauni. Ta kuma ware taimako na musamman ga tsofaffi da naƙasassu, har gida ake zuwa a haɗa musu. Darasin a fili yake: ƙananan turaku da taimakon marasa ƙarfi su ne jigon aikin.

Me Ya Hana a Koma Tauraron Ɗan'adam?

Akwai masu ra'ayin cewa a daina wahala da turaku, tun da tauraron ɗan'adam yana rufe ƙasa baki ɗaya, birni da ƙauye. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma lalle akwai lungunan da ba abin da zai kai musu hoto sai tauraro. Sai dai a lura da abu uku. Na farko, faranti da mai ɗaura shi sun fi eriya da gora tsada. Na biyu, ruwan sama mai ƙarfi yana yanke saƙon tauraro, alhali bai cika damun na turke ba. Na uku, wanda shi ya fi shafar wannan sashe namu, tauraro yana magana da ƙasa duka ne da murya ɗaya, kuma tashar da ba ta da kuɗin hawa kansa ba za a ji ɗuriyarta ba.

Turken jiha shi ne bakin jama'ar jiha. Ta nan ake jin Sakkwatanci da Katsinanci da Bausanci a bakin masu su. Ta nan ake jin farashin hatsi a kasuwar Dawanau, da ranar rabon taki, da tafsirin malamin gari, da kiɗan makaɗin da sunansa bai kai Ikko ba. Gaskiya ne tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna cewa Hausa tana iya riƙe tasha dare da rana. Amma tasha guda mai kallon Arewa duka ba za ta maye gurbin ARTV a Kano ko Rima a Sakkwato ba. Daɗin daɗawa, sabon tsarin ya raba mai shirya shiri da mai watsa shi. A dā kowace tasha da turkenta. A sabon tsari kuwa kamfanonin da aka ba lasisin rarraba saƙo su ke da turke, tasha ta biya a ɗauke ta. In ba a yi doka mai tsare gurbin tashoshin jiha ba, ranar da kuɗi ya gaza sai a sauke su, a cike gurbin da waƙe-waƙe da fina-finan waje. Mai kallo ya sami tasha talatin, ya rasa wadda ta san sunan garinsa.

Shawarwari

Da farko, kada a kashe tsohon turke a kowane yanki sai an bi ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, an tabbatar saƙo ya isa, an kuma buga taswirar a fili kowa ya gani. Na biyu, a sa ƙananan turaku cikin kasafin aikin tun daga tushe, a haɗa su da wutar hasken rana, domin turken da ba wuta ƙarfe ne kawai. Na uku, a wajabta ɗaukar tashar kowace jiha kyauta a yankinta, a kuma sa ta a sahun farko.

Na huɗu kuwa aikin masu nazarin Hausa ne. Sau da yawa matsalar mai kallo ba ta wuce eriya ba: ko ta yi ƙasa, ko ba ta fuskanci turke ba, ko wayarta ta sha ruwa, ko kuma ba a sake binciken tashoshi a dikoda ba. Duk wannan bayani yana zuwa ne cikin Turanci, a takarda da kan allo. Ya kamata malamai da ɗalibai su zauna da injiniyoyi su daidaita kalmomin wannan fanni, su fassara umarnin, su kuma matsa a sa Hausa cikin harsunan da dikoda ke nunawa. An yi irin wannan aiki ga kalmomin kimiyya da na mulki a shekarun baya, ba abin da zai hana a yi wa wannan.

Kammalawa

An ga yadda sabon tsari yake ƙara wa na kusa, yake kuma iya rage wa na nesa ɗan abin da ke hannunsa. Iskar da saƙo ke bi dukiyar jama'a ce baki ɗaya, mutumin Riruwai yana da rabo a cikinta daidai da mutumin Fagge. Saboda haka bikin yanke ƙyalle a babban birni somin-taɓi ne kurum. Ranar da manomi a ƙarshen jiha ya kunna akwatinsa bayan sallar isha, ya ga tashar jiharsa tangaran tana yi masa magana da harshensa, ran nan ne za a ce an ƙaura.