Matakalar Bene Ba Ragowar Fili Ba Ce

A yawancin benayen da ake ginawa a biranenmu, matakala ce abu na ƙarshe da ake tunawa da shi. Mai gida zai shafe makonni yana jayayya kan girman falo, sai an kusa zuba kankaren sama ya ce wa birkila ya nemo mata wuri. Shi kuwa ya cusa ta a lungu, ta miƙe tsaye kamar tsani.

Alhali lissafinta ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 17 masanin gine-ginen Faransa, Faransuwa Bulondel, ya lura cewa takun mutum yana gajarcewa gwargwadon tsayin da yake hawa. Ƙa'idar da ya bari ita ce: a ninka tsayin hawa ɗaya sau biyu, a tara da faɗin inda ƙafa ke sauka, jimlar ta kama kusan santimita 63. Idan tsakanin daɓen ƙasa da na sama mita 3 ne, hawa 18 masu tsayin santimita 16.7 za a yi, kowanne da faɗin kusan 30. Wannan zai ci fili kimanin mita 5, ban da inda ake tsayawa a huta. A nan masu gida ke murtuke fuska, a rage hawa uku, tsayin kowanne ya koma 20.

Abin da ya fi tsayin haɗari, a ganina, shi ne rashin daidaito. Ƙafa tana haddace ma'auni bayan hawa biyu ko uku, sai ido ya daina duba ƙasa. Hawa ɗaya ya saɓa, mutum ya kifa. Sau da yawa mai saka tayil ke jawo haka, domin siminti da tayil suna ƙara wa daɓe kauri, sai hawan farko da na ƙarshe su bambanta da sauran. Tun kafin a kafa katako ya kamata a lissafa kaurin nan.

Abin dafawa ya kai santimita 90, tazarar ƙarafansa kada ta kai 10 saboda kan yaro, sararin da ke bisa kai kuma mita 2. Faɗin matakalar kanta, ni ba na yarda da ƙasa da mita 1, domin wanda ake yi wa awon ba saurayi ba ne da rana tsaka. Mace ce mai goyo, zani ya ɗaure mata taku, an kuma ɗauke wuta. Ko mahaifin mai gida ne ciwo ya kayar cikin dare, mutum biyu za su sauko da shi zuwa mota.