Dariyar Kwanton Ɓauna

'Yan'uwa marubuta, akwai wani salon fim da muke jin wasu daga cikinmu suna yabawa, wai shi ne barkwancin zamani: a ɓoye kyamara, a ɗana wa bawan Allah tarko, in ya kunyata a sayar da kunyarsa. Mu dai ba mu yarda wannan fasaha ce ba.

Abin ba sabo ba ne. Wani Ba'amurke, Allen Funt, shi ya fara shirin Candid Camera a talabijin cikin 1948, a 1970 kuma ya fito da fim na manya zalla, inda tsiraici ya zama abin ɗana tarkon. Amma wanda ya fi ci mana rai shi ne Borat na Sacha Baron Cohen, na 2006. An je ƙauyen Glod na ƙasar Romaniya, aka ɗauki talakawansa, aka nuna wa duniya su a matsayin jahilai mutanen Kazakistan. Su kuwa sun ce sun zaci labarin talaucinsu ake ɗauka. Fim ya tara sama da dala miliyan 260. Ƙarar da suka shigar a Amurka kuwa ba ta kai ko'ina ba.

Za a ce ai ana sa hannu a takarda. To, mutumin da ba a gaya masa gaskiyar wasan ba, hannun da ya sa yarda ce?

Mu ba maƙiyan raha ba ne, Allah ya sani. Bakano da Bazazzagi suna yi wa juna tsiya, haka Bafulatani da Babarbare, haka taubasai, amma kowa ya san wasa ake yi, kuma yana da bakin ramawa. Marigayi Rabilu Musa Ibro kansa ya riƙa mayarwa wawa don mu dara. Bai ari mutuncin mai tallar goro ba.

Yanzu ga yaranmu riƙe da waya suna firgita tsofaffi a kasuwa, har wani na neman a rubuta masa "labari". Wane labari? Aikin marubuci shi ne ya zauna ya ƙirƙiro wawansa, ya sa masa magana a baki, ya sha wahalar gyara har dariyar ta nuna. Duk wanda ya zo mana da wannan kwangila, a ce masa alƙalaminmu yana da aiki.