Mai dizain da bai san leya ba, ya daina karɓar kuɗin mutane

1/ Yau sai na faɗa, mai jin haushi ya ji. Da yawa cikin masu kiran kansu masu dizain a nan, yankan hoto kawai suke yi suna liƙawa. 🧵

2/ Ku duba fastocin biki, na saukar karatu da na ta'aziyya da ke yawo a WhatsApp. Hoto shida a jere, wannan gidan ya fi wancan girma, tazarar nan mai kauri, ta can siririya. An ja fuskar amarya ta yi faɗi kamar faifai don ta cika gurbi.

3/ Na ta'aziyya ya fi min ciwo. Bawan Allah ya rasu, 'ya'yansa sun ba ka hotonsa, kai kuma ka miƙe masa kai kamar gora. Da wannan za su riƙa tuna shi?

4/ Abin haushin, maganin ba wani sirri ba ne. Tun 1994 Photoshop yake da leya. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ya ma girmi yawancin masu karanta wannan.

5/ Ga yadda ake jera hotuna gida-gida kamar dara. Buɗe shafi 1080 a 1350, girman da ke zama daidai a Instagram. Gida tara kake so? Bar tazarar 30 a gefe da tsakani. Kowane gida zai fito 320 a 410. Lissafa da kanka ka gani.

6/ Zana murabba'i ɗaya da wannan awon, ka kwafe shi da Ctrl+J, kowanne a leyarsa. Sai ka ɗora hoto a leyar da ke saman gidan da kake so, ka danna Ctrl+Alt+G. Shi ne kilipin mas. Hoton ba zai fito ba sai a cikin gidan, kamar mai leƙowa ta taga. Sauran jikinsa yana nan a ɓoye, ko ƙwayar fiksel ɗaya ba ka yanke ba.

7/ Amfanin? Hajiya ta kira ƙarfe goman dare: "Ɗana, ka cire hoton nan da ango ya rufe ido." Mai kilipin mas minti ɗaya ya sauya. Wanda ya yanke, ya narke komai a leya ɗaya, ya adana JPG kaɗai, sai dai ya fara daga farko. Daga nan sai ka ji wai a ƙaro kuɗin gyara. Gyaran me? Kai ka ɓata, ita za ta biya?

8/ Kuma a kula: tun Photoshop na 2019, jan kusurwar hoto ba ya karkatar da shi, riƙe Shift ne ke karkatarwa. A tsoffin kuwa akasin haka ne. Wasu fuskokin faifan daga nan suke.

9/ Na san za a ce "ai ni da waya nake aiki, ba ni da laftof." To, Photopea kyauta ne a burauza, yana buɗe PSD, yana da kilipin mas. Firam ɗin Canva ma dabara ɗaya ce. Rashin kwamfuta uzuri ne na saurin aiki, ban da na miƙe fuskar mamaci.

10/ Ku kuma masu sayar da aji a guruf-guruf, kuna karɓar kuɗin yara ku koya musu harafi mai ƙyalli da inuwa, leya kuwa ko a ɗoki. Ku ji tsoron Allah.

11/ Masu ba da aiki, kafin ku tura alat ku ce a nuna muku jerin leyoyin aikin. In guda ɗaya tal kuka gani, ku riƙe kuɗinku.